Yadda Ake Zagaya Birnin Manchesta Cikin Kwana Uku

Tun da na zauna a Manchesta nake karɓar baƙi daga gida, kuma kusan kowa da tambaya biyu yake sauka: ina filin United, ina kasuwa. Sai mutum ya yi mako guda ya koma da hoto a bakin filin ƙwallo da akwati biyu na kaya, alhali garin bai gan shi ba. Abin yana damuna, domin auduga ce ta gina wannan birni na arewacin Ingila, kuma zarenta ya miƙe har Zariya da Funtuwa da Kano. Tsarin da zan ba ka shi ne wanda nake bi da baƙina. Filin ƙwallo yana ciki, kasuwa ma tana ciki, amma kowanne da lokacinsa.

Mataki na farko: zaɓen lokaci da haɗa kaya

Idan zaɓi a hannunka yake, ka zo tsakanin Mayu da Satumba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, ka ga yini ya ishe ka yawo har ka gaji. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa cikin kimanin awa huɗu, ga sanyi mai shiga ƙashi. A lokacin zafinsu agogon Ingila daidai yake da na Najeriya da Nijar, a hunturu kuma suna bayanmu da awa ɗaya.

Ko wane wata ka zo, ka taho da shirin ruwa. Ruwan Manchesta yayyafi ne mai naci, ya ɗauke ya dawo, sau da yawa da iska. Rigar ruwa mai hula ta fi lema amfani, don iska tana birkice lema. Ka sa takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, saboda yawancin yawon nan a ƙafa ne. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, cajarka za ta shiga. Wanda ya taso daga Nijar ko Kamaru ko Chadi zai buƙaci adafta.

Kada ka sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a kaya. Dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a ƙwace a filin jirgi. Sannan kafin ka kama masauki ka duba jadawalin wasannin United da City, domin ranar da ake wasa a gida kuɗin otal tashi yake yi sosai. Ka kuma tsara kwanakinka yadda Litinin ba za ta faɗa ranar gidajen tarihi ba, da yawansu ba sa buɗewa ran nan.

Mataki na biyu: shiga gari da sanin abin hawa

Daga filin jirgin Manchesta akwai jirgin ƙasa da zai kai ka tashar Piccadilly cikin kusan minti ashirin. In kuma ta Landan ka shigo, jirgi daga tashar Euston yana ɗaukar awa biyu da 'yan mintoci, kuma tikitin da aka saya tun da wuri ya fi na ranar tafiya sauƙi nesa ba kusa ba. Ka lura da wani abu da ke rikita baƙi: tashar jirgin Piccadilly daban, dandalin Piccadilly Gardens daban, akwai tafiyar kusan minti goma a tsakaninsu. In za ku haɗu da wani, ku fayyace wanne kuke nufi.

A cikin gari akwai tiram, wato ƙaramin jirgin lantarki mai ruwan ɗorawa da ke bin tsakiyar titi, sunansa Metrolink, yana aiki tun 1992. Ba a biyan kuɗi a cikinsa. A kan dandamali akwai na'ura, ka taɓa katin bankinka kafin ka hau, in ka sauka ka sake taɓawa da wannan katin dai. In ka manta na sauka, za a cire maka kuɗi fiye da na tafiyarka. Kowane mutum da katinsa, kati ɗaya ba ya biya wa mutum biyu, don haka in da iyali kake ka sayi tikiti a injin da ke dandamalin. Bas-bas ma ruwan ɗorawa ne, ana taɓa kati a gaban direba, kuma akwai bas ta kyauta da ke kewaya tsakiyar gari ta manyan tashoshin jirgi. Wurare da dama ba sa karɓar tsabar kuɗi, saboda haka ka tabbatar katinka yana aiki a waje tun kana gida.

Hagu suke bi a tuƙi. In za ka tsallaka titi, dama za ka fara dubawa. Tiram kuma ba shi da ƙara sosai, ka buɗe ido a wajen St Peter's Square da Market Street.

Mataki na uku: ranar farko, ka bi sawun auduga

Ka fara daga Castlefield da safe, ka sauka a tashar tiram ta Deansgate-Castlefield. Nan ne tushen garin. Rumawa sun kafa sansani a wurin a wajen shekara ta 79 miladiyya, an sake gina ƙofarsa don a ga yadda take. Kusa da ita akwai hanyar ruwa ta Bridgewater wadda aka haƙa da hannu aka buɗe a 1761 don kawo kwal cikin gari. Kwal ya yi araha, injuna suka samu abin ci, masaƙu suka yawaita. Ka tsaya ƙarƙashin manyan gadojin ƙarfen nan ka duba jajayen sito-sito na bulo a bakin ruwa. Rabin awa ya isa.

Daga nan tafiyar minti biyar ce zuwa Science and Industry Museum a kan Liverpool Road, gidan tarihin kimiyya da masana'antu. Shiga kyauta ne, amma ya fi kyau ka yi rajistar tikiti a shafinsu tun daren jiya. A harabarsa tashar jirgin ƙasa na fasinja mafi tsufa da ta rage a duniya take, wadda aka buɗe ranar 15 ga Satumba 1830 lokacin da jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Liverpool da Manchesta. Akwai kuma kwafin wata kwamfuta da aka ƙera a jami'ar garin a 1948, ta farko da ta yi aiki da umarnin da aka adana a cikinta, girmanta ya cika bango guda.

Abin da ya kawo ka dai shi ne zauren saƙa. Da ka shiga ka tambayi ma'aikata ƙarfe nawa za a kunna injuna, ka tsara sauran yawonka a kan wannan lokacin. Suna nuna aikin daga ɗanyar auduga zuwa shaɓa, zuwa kaɗi, zuwa saƙa, da injunan ainihi na wancan zamani.

Na taɓa kai Kawuna wurin, mutumin da ya yi rayuwarsa yana noman auduga a ƙasar Funtuwa. Da aka kunna injin kaɗi, ɗaruruwan mazarai suka kama juyawa lokaci guda, ƙara ta cika zauren har yara suka toshe kunne. Shi kuwa ya matsa har jikin shingen. Ma'aikaciyar ta miƙo wa mutane sulɓin auduga su taɓa. Ya karɓa ya ja shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuniya, yadda yake yi a kasuwa in yana duba tsawon gashinta, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗan nan, ashe nan take zuwa."

Na ce, "Nan ne, Kawu."

Ya ce, "Abin da Inna take kwana bakwai tana kaɗawa, ga shi kafin in rufe baki an gama."

Ga yadda alaƙar take. Masaƙun Manchesta da garuruwan Lancashire sun dogara da audugar Amurka, wadda bayi baƙar fata suka daɗe suna nomawa. Da masu masaƙu suka ga hatsarin dogaro da wuri ɗaya, sai suka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association a wannan gari a 1902, don a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Ita ce BCGA da ta kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa, har sunanta ya zama sunan unguwa. Kwaɗayin audugar ƙasar Hausa yana cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo ya isa Kano a 1911. Sai dai manoman Kano sun yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, masaƙan gida kuma suna sayen auduga da daraja, suka cika jirgin da gyaɗa. In ka san wannan kafin ka shiga zauren, kallon injunan zai zame maka wani abu dabam.

Bayan ka fito ka bi titin Deansgate ka yi arewa. Cikin minti goma za ka ga wani gini mai duhun dutse kamar tsohuwar majami'a, shi ne laburaren John Rylands. Rylands attajirin auduga ne, matarsa Enriqueta ta gina wurin don tunawa da shi, aka buɗe a 1900. Kyauta ake shiga, sai dai ba kullum ake buɗewa ba, ka duba ranakunsu. Ka hau bene zuwa babban zauren karatu, ka zauna ko minti goma ne, ka ɗaga kai ka ga rufin. Suna da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu, ciki har da wani katafaren Alƙur'ani mai alaƙa da Sarkin Misira Ƙansuh al-Ghuri, tsayinsa ya kusa mita guda. Irin waɗannan ana adana su ne a ciki, abin da aka fitar a akwatunan gilashi yana sauyawa lokaci zuwa lokaci.

Tsallaken titi kaɗan, ta Brazennose Street, akwai mutum-mutumin Abraham Lincoln. Baƙi sukan yi mamakin abin da ya kawo shugaban Amurka nan. A lokacin yaƙin basasar Amurka an toshe fitar da audugar kudu, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Duk da haka a ƙarshen 1862 ma'aikatan Manchesta suka yi taro suka rubuta wa Lincoln cewa suna bayansa a kan kawar da bauta, ya ba su amsa a Janairun 1863. An rubuta wani ɓangare na wasiƙun a gindin mutum-mutumin. Ina girmama talakawan nan ƙwarai, domin da cikinsu suka biya wannan matsayi.

Gaba kaɗan sai Albert Square da babban ginin hukumar gari na 1877, wanda aka rufe a 2018 don gyara. Ka wuce ta bayansa zuwa St Peter's Square, inda babban laburaren gari mai siffar da'ira yake tun 1934. Wuri ne mai kyau na hutawa da ɗumi da kewayawa, ba wanda zai tambaye ka komai. A wannan yanki ne ranar 16 ga Agusta 1819 sojojin doki suka afka wa taron mutane kusan 60,000 masu neman 'yancin zaɓe, aka kashe aƙalla 15. Suna kiran abin Peterloo.

Ka rufe ranar da Royal Exchange, kusa da St Ann's Square. A nan dillalan auduga suke taruwa suna yanke farashin da ya shafi manomin Indiya da na Misira da na Katsina. Yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma da rana ana shiga babban zauren kyauta. Ka ɗaga kai sama ka nemi allon farashi, har yau yana nuna alƙaluman ranar ƙarshe da aka yi ciniki a 1968.

Mataki na huɗu: salla da abinci

Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa baƙi hankali, kuma a Manchesta da sauƙi yake, don Musulmi suna da yawa. A tsakiyar gari akwai masallacin Muslim Youth Foundation a Turner Street, cikin unguwar Northern Quarter, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwar Arndale. Daga waje ba za ka ce masallaci ba ne, ginin kamar ofis yake, ka duba allon ƙofa. Babban masallacin gari yana Victoria Park kusa da Rusholme. Ranar Juma'a ka isa da wuri, cika ake yi. Ka riƙa yawo da ƙaramar sallaya mai naɗewa da gorar ruwa a jaka, domin babu buta a bayan gidansu. Ruwan famfo kuwa ana sha, ba sai ka sayi na roba ba.

Abincin rana, ka nemi ƙananan gidajen abincin 'yan Pakistan da ke lungunan Northern Quarter, inda ake zuba maka shinkafa da miya kala uku a faranti ɗaya, da araha, ka ƙoshi. In ba ka ga alamar halal a ƙofa ba, ka tambaya, ba abin kunya ba ne a nan. In za ka ɗanɗana soyayyen kifi da dankalinsu, ka tambayi da wane mai aka soya da kuma ko an sa giya a ƙullun. A karin kumallon otal akwai wani baƙin abu zagayayye mai suna black pudding, da jinin alade ake yin sa, ka kauce masa. In kewar tuwo da miya ta kama ka, shagunan 'yan Afirka suna nan birjik a Moston Lane, arewa da tsakiyar gari.

Mataki na biyar: rana ta biyu, filin ƙwallo da bakin ruwa

Ka sayi tikitin zagayen Old Trafford a shafin kulob ɗin kwanaki kafin ka zo, kuma ka sani ba a zagayen ranar wasa. Ga kuskuren da kusan kowane baƙo yake yi: akwai tashar tiram mai suna Old Trafford, amma a bakin filin kurket take, sai ka ƙara tafiyar sama da minti goma a ƙafa. Wadda ta fi kusa da filin United ita ce Wharfside, a layin da ke zuwa Trafford Centre.

An buɗe filin a 1910, yana ɗaukar mutum kusan 74,000. Ka isa da awa guda kafin lokacinka don ka zagaya waje, wanda ba a biyan ko kwabo. A gaba akwai mutum-mutumin tsohon koci Matt Busby yana fuskantar na tsofaffin 'yan wasa George Best da Denis Law da Bobby Charlton, na Alex Ferguson kuma yana ɗaya gefen. Ka nemi agogon Munich a kusurwar ginin, mai ɗauke da ranar 6 ga Fabrairu 1958, ranar da jirgin saman da ya ɗauko 'yan wasan kulob ɗin ya yi hatsari a birnin Munich na Jamus, mutum 23 suka rasu, 8 daga cikinsu 'yan wasa. Ka rage murya a wurin, akwai tsofaffin da har yau suke zuwa su tsaya shiru. A cikin zagayen za a kai ku ɗakin sauya kaya, ku fito ta hanyar da 'yan wasa suke fitowa, ku zauna a kujerun koci. Ba a taka ciyawa. Odion Ighalo, ɗan Najeriya na farko da ya buga wa kulob ɗin, ta wannan hanyar ya fito a 2020. A 2025 kulob ɗin ya sanar da shirin gina sabon fili mai ɗaukar mutum 100,000, don haka mai son ganin tsohon kada ya yi ta jan ƙafa.

Magoyin bayan City kuma sai ya hau tiram mai zuwa Ashton ya sauka a Etihad Campus. An gina filin don wasannin Commonwealth na 2002, City ta koma ciki a 2003. Kada ka haɗa filayen biyu a safiya ɗaya, ɗaya yana yamma ɗaya yana gabas. Tikitin kallon wasa kuwa, daga kulob kaɗai za ka saya. Wanda ya tare ka a titi da tikiti, ka wuce abinka.

Daga Old Trafford ka taka zuwa Salford Quays, kusan minti goma sha biyar. Manchesta ba ta bakin teku, amma 'yan kasuwarta sun gaji da kuɗin da tashar Liverpool take caja, sai suka haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 58, aka buɗe a 1894, manyan jiragen ruwa suka riƙa shigowa har nan. Yau an mayar da tsohuwar tashar jiragen ruwan nan ta Salford Quays wurin shaƙatawa. Akwai Imperial War Museum North, gidan tarihin yaƙi, kyauta, wanda duk lokacin da na shiga sai na tuna kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama. Ka haye gadar ƙafa zuwa MediaCity inda BBC take da manyan ofisoshi, ka sha shayi a bakin ruwa, ka hau tiram ka koma. In da sauran ƙarfi a jikinka, gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasa yana tsakiyar gari kusa da tashar Victoria, shi ana biya.

Mataki na shida: rana ta uku, titin Oxford Road

Ka fara daga St Peter's Square ka yi kudu a ƙafa. Bayan kamar minti goma za ka iso wani ɗan lambu mai suna All Saints, a harabar jami'ar Manchester Metropolitan. A gefensa, kan Cavendish Street, akwai tsohon gini mai ginshiƙai, zauren Chorlton-on-Medlock. Dubban ɗalibai suna wucewa ta gabansa kullum ba sa ɗaga kai. Ka nemi allon tunawa da ke jikin bangon. A nan aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar, daga 15 zuwa 21 ga Oktoba 1945. Kwame Nkrumah yana wurin, da Jomo Kenyatta, da Hastings Banda, da Jaja Wachuku daga Najeriya, da dattijo W.E.B. Du Bois daga Amurka. A zauren nan suka daina roƙon a sassauta mulkin mallaka, suka ce a ba su ƙasashensu. Bayan shekara 12 Ghana ta samu 'yanci, Najeriya da Nijar suka biyo a 1960. Ba a shiga, ba a biya, minti biyar ne, amma ban taɓa barin baƙona ya bar garin nan bai tsaya a gaban bangon ba. In da yara kake, a nan za ka tsaya ka yi musu bayani.

Ka ci gaba zuwa Manchester Museum a cikin Jami'ar Manchesta, wanda aka sake buɗewa a Fabrairun 2023 bayan gyara. Kyauta ne. Yara za su manne wa ƙwarangwal ɗin dainoso da ɗakin kwaɗi masu rai, manya kuma sashen Misira da Sudan. Suna da ɗakin salla a ciki, ka yi azahar kafin ka fita. Gaba kuma akwai Whitworth, gidan zane-zane a bakin lambu, mai tarin yadudduka daga sassan duniya. Mata masu sanin atamfa za su ji daɗinsa, musamman in suka san cewa atamfar ABC da iyayenmu suke kira 'yar Ingila a garin Hyde ake buga ta, gabas da Manchesta kaɗan, kafin a mayar da aikin Ghana.

Daga Whitworth ka riga ka iso bakin Rusholme. Wilmslow Road ke nan, wadda ake wa laƙabi da Curry Mile: gidajen abincin Pakistan da Siriya da Afganistan da Turkiyya a jere, ƙamshin gasasshen nama har titi, shagunan abaya da turare da zinare, kusan komai halal. Da magariba wurin yake cika. Ka ci abincin darenka a nan, ka hau bas mai lamba 42 ko 43 ko 142 ko 143 ka koma tsakiyar gari.

Mai kwana na huɗu ya hau jirgi zuwa Liverpool, bai kai awa guda ba. A Brougham Terrace akwai masallacin da Abdullah Quilliam, Baturen da ya musulunta, ya buɗe a 1889, kuma shi ne mutumin da ya je Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Har yau ana salla a ciki.

Mataki na bakwai: tsaraba da komawa

Ka bar sayayya sai ƙarshe, don kada ka yi ta yawo da ledoji kuma ka san abin da ya rage a aljihu. Market Street da Arndale suna tsakiyar gari, a nan ake samun kayan yara da takalma da sauƙi. Trafford Centre, wadda aka buɗe a 1998, ta fi girma da ƙawa, tiram yana kai wa har ƙofarta, sai dai tana cin yini. Ranar Lahadi manyan shaguna awa shida kawai doka ta ba su, kafin ka ankara sun rufe. Kuma tun 2021 an daina mayar wa baƙi harajin kaya a filin jirgi, farashin da ka gani shi za ka biya. Rigar kulob ta ainihi tana da tsada, amma ta kakar da ta wuce takan sauko sosai, ka tambaya. A cunkoson Market Street ka sa waya a aljihun gaba, da dare kuma kada ka yi zaman banza a Piccadilly Gardens.

In kana son ƙaramar tsaraba mai ma'ana, ka nemi abu mai hoton ƙudan zuma. Za ka gan shi ko'ina, a kwandon shara da jikin bas da bangon gidaje. Alamar garin ce tun zamanin masaƙu, ana kwatanta ma'aikata da ƙudan zuma a cikin amya, kuma mutanen garin sun ƙara riƙe ta bayan harin da aka kai babban zauren wasanni na Manchester Arena ranar 22 ga Mayu 2017 wanda ya kashe mutum 22.

Daren tafiya ka auna akwatunanka a masauki, domin kuɗin kilo ɗaya na ƙari a filin jirgi zai iya fin kuɗin abin da ke ciki. Ka duba a tikitinka daga wane ɓangare na filin jirgin jirginka zai tashi, don akwai tafiya mai ɗan nisa daga inda jirgin ƙasa yake sauke mutane, ka kuma bar tashar Piccadilly da sauran awa huɗu kafin tashin jirginka. Turare da man shafawa manya a akwatin da za a auna ake sa su. Sulɓin audugar da aka ba Kawu a gidan tarihi kuwa, a aljihun gaban rigarsa ya sa shi, naɗe a cikin takardar tikitin tiram, ya ce zai kai wa Inna ta gani.